Ɗankwalin Mafarauciya

Ni ba mai karatun littafi ba ne. Ina aji biyu a sakandare mahaifina ya rasu, na koma tasha wankin mota, daga nan kwandasta, daga nan direba. Turancin da nake da shi na bakin titi ne, wanda zai ishe ka ka ce a hau, a sauka, a matsa. Saboda haka in wani ya leƙa ƙarƙashin gadona ya ga kwali cike da littattafan Turanci, kada ya ɗauka ni wani ne. Na Malam ne.

A Mesaimeer, wata unguwa a gefen Doha, muka zauna da shi, a wani tsohon gida da mai shi ya yayyanka da katako ya mai da shi ɗakuna kamar akurkin kaji. Mu shida ne a namu ɗakin, gado bisa gado, duk 'yan Arewa, kowa da kafil ɗinsa, wato wanda zamanka a ƙasar yake rataye a wuyansa. Ni ina tuƙa motar ma'aikata, in kai su wurin gini a Lusail da safe in kwaso su da yamma. Malam kuwa aikin kwasar kaya yake yi in masu hali za su sauya gida. Tsohon malamin firamare ne daga wani ƙauye a ƙasar Zazzau. Furfura ta cika masa kai, amma duk Juma'a sai ya zauna ya rina ta, domin a takarda shekarunsa ba su kai na furfura ba.

Malam muke ce masa, ba wanda ya taɓa kiransa da wani abu daban. Mutumin da ya kusa haifarka ba ka buɗe baki ka ce masa yaya sunanka, balle ka ce miƙo katin shaidarka in gani. Haka aka rene mu. Sunansa na yanka mun ji shi sama-sama, irin sunan nan ne da in ka kira a bakin masallaci rabin sahu zai waiwayo. Mun ci a kwano ɗaya, mun yi salla a tabarma ɗaya, na san yadda yake minshari, na san ba ya son yaji. Abin da ke rubuce a fasfonsa ne kawai ban sani ba, kuma a ƙasar nan shi kaɗai ne mutum.

Ana gab da rufe gari saboda korona, wata Baturiya ta tattara za ta gudu ƙasarsu, aka kira su Malam kwasar kaya. Abin da ba zai shiga jirgi ba ta ce su ɗauka. Wani ya ɗauki tukwane, wani fanka, Malam ya kinkimo kwalin littattafai. Da ya shigo da shi a ka, wani ɗan Sakkwato da ke gadon da ke saman nawa ya leƙo.

"Malam, shinkafa ce?"

"Ta fi shinkafa."

"To Allah Ya sa ta dahu."

Bangayensu kala-kala ne kamar zannuwan 'yan biki, ruwan hoda da ruwan ɗorawa da kore shar, kowanne an zana masa takalmin mata mai tsini ko ankwa. Duka labarin mace ɗaya ne. Da aiki ya tsaya aka kulle mu a gida, ba fita sai kanti, Malam ya sa gilashinsa ya fara karantawa shi kaɗai yana ƙyalƙyala dariya. Mutum biyar suna kallon silin, kai kana dariya, ai ba za a bar ka ba. Muka ce ko ya sammana ko ya yi shiru. Daga ranar ya zama duk bayan la'asar sai ya zauna a bakin gadonsa, littafi a hannun hagu, hannun dama yana nuni, yana juye mana shi da Hausa.

Ya fara yi mana bayani. Ya ce a ƙasarsu in an kama mutum aka ba da belinsa, akwai kamfanin da ke tsaya masa. In ranar shari'a ta zo ya ƙi zuwa, sai kamfanin ya tura wani ya farauto shi. To ita wannan mata aikinta ke nan. Da can kek ɗin biki take yi, kasuwa ta mutu, ta shiga farautar mutane.

"Mace?" in ji ɗan Sakkwato.

"Mace. Har da ciwon gwiwa."

Sunanta ya yi mana nauyi a baki, Malam ya raɗa mata Mafarauciya. Ba ta da ƙarfi, ba ta da gudu, tana tsoron kare. In ta bi mutum da gudu sai ta tsaya ta dafa bango ta ce masa don girman Allah ya dakata ta yi numfashi. Amma ba wanda ya taɓa kuɓuce mata, domin ta san duk wanda ya gudu sai ya ci abinci, sai ya yi aski, sai ya koma wurin wanda yake so.

Wanda muka fi so shi ne na mutumin da ya saci jimina a wata gona.

"Sai ta same shi ya ɓuya a banɗaki, shi da jiminar," in ji Malam. "Ta ƙwanƙwasa, ta yi sallama. Ta ce ina wuni, yaya gida, yaya iyali, yaya mai jiki, don ta ji tsohuwarsa ba ta da lafiya. Shi kuma dole ya amsa, ai ba a ƙin amsa gaisuwa. Ta laluba jaka, babu ankwa, ta manta ta a kicin. Sai ta warware ɗankwalinta ta ɗaure masa hannu da shi."

Na ce, "Haba Malam. Baturiya da ɗankwali?"

"Bakano, kai ka karanta ko ni?"

"Ni dai ban taɓa jin Baturiya ta ce yaya mai jiki ba."

"A ina ka ga Turawan? A madubin mota? In ba ciniki ba me Bakano ya sani?"

"Gara mu. Ku Zazzagawa karatu ya yi muku yawa har ya kawo ku Doha ɗaukar katifa."

Ɗakin ya kaure da dariya, shi ma ya yi har da share hawaye da gefen riga.

Biyu daga cikinmu kafil ɗinsu ya riga ya kai rahoton sun gudu, ko kanti za su sai sun duba hagu da dama. Ka ce za su tsane ta, amma su suka fi kowa son ta. Ɗan Sakkwato ya ce in dai irin wannan za a turo masa, zai wanke hannu ya miƙa, ko ba komai za a tambaye shi lafiyar tsohuwarsa kafin a tafi da shi.

Abin da na lura da shi a labaran nan, ba wanda ke ɓata har abada. In ma an tsinci gawa, ta wani mugu ce da ba mai kewarsa, kuma kafin a rufe littafin an san ko wane ne, an san wanda ya kashe shi, kowa ya tafi cin abinci. Mu kuma muna zaune muna dariya, motar asibiti tana wucewa ta bayan katanga da jiniya, sai Malam ya ɗan ɗaga murya.

Ni ciwon ya fara kamawa. A lokacin kowa yana da wata manhaja a waya mai nuna kore in kana lafiya. Tawa ta koma ja, aka turo mota da mutane cikin fararen kaya ba a ganin ko idonsu sosai. Ina haɗa 'yar jakata, Malam yana zaune da ɗan tarin da ya ce na sanyin na'ura ne.

Ya ce, "Bakano, ka yi sauri ka dawo. Mai jiminar ya sake guduwa, ba zan ci gaba ba sai kana nan, don kai ne mai gardama."

Na ce, "Ku ci gaba abinku, ai na san ƙaryar ɗankwali za a ƙara."

Maganar da muka yi ta ƙarshe ke nan.

Na daɗe a wurin killacewa fiye da yadda na zata, don ƙirjina ya ƙi saki. Ina can na yi ta kiran wayarsa, da farko tana shiga ba a ɗauka, daga baya ta daina shiga. Da aka sallame ni na koma Mesaimeer na tarar an ɓalle katakan, gidan ya koma fili ɗaya. Mai gidan ya tsorata ya sallami kowa. Na samo ɗan Sakkwato a wani ɗaki a bayan kantuna, shi ya ajiye mini kayana da kwalin Malam. Ya ce bayan tafiyata da 'yan kwanaki aka kira Malam a waya, ya sa hularsa, ya ce su tsaya daga ciki kada su matso, ya taka da ƙafarsa zuwa bakin ƙofa ya hau motar masu fararen kayan nan. Ba wanda ya ji inda za a kai shi.

Ban damu sosai ba da farko. Na ce zai ɓullo. Sai wata rana ina wanke mota wayata ta yi ƙara, lambar gida. Muryar mace ce, babba.

"Salamu alaikum. Bawan Allah, ka yi haƙuri, ni ce iyalin Malam. Ya taɓa kira na da wannan lambar."

Haka ne, ya taɓa arar wayata da katin wayarsa ya ƙare.

Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ta tambayi aiki, ta tambayi zafi, ta tambayi jikina, kafin ta iso inda za ta. Ta ce tun kafin azumi ba ta ji shi ba. Na ce mata yana asibiti, ina nemansa, in sha Allahu za a ji alheri. Ta ce Allah Ya sa. Daga nan duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ta kira.

Na fara da asibitoci. Duk inda na je tambaya biyu ce, suna da lambar kati. In faɗi sunan da na sani, a buga a na'ura, a juyo mini da fuskarta in ga mutane jere kamar tururuwa, daga Sudan, daga Pakistan, daga ko'ina, babu nawa. In ce dattijo ne baƙi, dogo, mai gilashi, a dube ni kamar na ce ina neman wata ƙwayar gero a cikin buhu. Na ba da lambar wayarsa, ashe layin da sunan wani ɗan Nepal aka saye shi, wanda ya daɗe da komawa gida. Akwai wani likita Bakatsine da muke haɗuwa a masallaci, mutumin kirki, ya yi iya ƙoƙarinsa. A ƙarshe ya ce mini, "Alhaji, ka samo mini sunan da ke fasfo, ko da ba lamba. In babu shi hannuna a ɗaure yake."

Na tambayi matar. Ta ce ai ita ma ba ta sani ba. Ejan da ya yi masa hanya a Kano ya ce shekarunsa sun yi yawa ba za a ɗauke shi ba, sai ya haɗa masa takardu da sunan wani. Malam bai taɓa nuna mata fasfon ba. Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa yana koya wa yara kada su yi ƙarya, ya shiga jirgi da sunan da ba nasa ba, abin yana cin sa, bai so a ɗaga maganar. Na sa ƙanena ya je ofishin ejan, ya tarar ana sayar da caja da murfin waya a wurin. Kafil ɗinsa ma ba wanda ya san shi, irin waɗanda ke sa hannu su manta da kai ne sai ƙarshen shekara.

Wasu sun ce mini da mun tambaye shi sunan tun yana nan. Mai faɗin haka bai taɓa zama da dattijo ba. Ni ban ga laifina ba. Laifin yana wuyan wanda ya sayar masa da sunan wani, da ƙasar da za ka yi mata ɗaukar kaya har bayanka ya ranƙwafa amma ba wanda ya riƙe fuskarka.

Shekara ta juyo. Wata Juma'a matar ba ta ja gaisuwa ba.

Ta ce, "Ɗan'uwa, zan tambaye ka abin da ba na iya tambayar kowa a nan. Ni matar aure ce ko mai takaba?"

Ba ta jira amsata ba, ta ci gaba.

"'Yan'uwansa sun rabu biyu. Wasu sun ce ya rasu a yi sadaka, wasu sun ce ya samu wuri ya yi aure ya manta da mu. In na sa kwalli a ce ban damu ba, in na bari a ce ina yi masa fatan mutuwa. In yana raye ka gaya mini in ci gaba da jira. In ya tafi ka gaya mini in yi masa abin da ake yi. Shi ke nan abin da nake roƙo."

Ranar na jawo kwalin na zauna ina kallon bangayen nan masu kalar biki, raina ya ɓaci. Amma na tuna maganar Mafarauciya, cewa duk wanda ya ɓace sai ya ci, sai ya yi aski. Kada a yi mini dariya, na bi shawarar mace mai ciwon gwiwa da ba ta taɓa wanzuwa ba, don ba ni da wata. Na je wurin ɗan Bangaladash da ke yi masa aski, na je shagon shayin da yake zama, na je wurin wata mata da ke kawo goro daga gida tana sayarwa a ɓoye, na bi masu kwasar kaya ɗaya bayan ɗaya. A littafi in ta je irin waɗannan wurare kullum akwai wani mai surutu da ya ga komai. A Doha kowa kaɗa kai yake yi. Mai askin ya ce baƙaƙe da yawa suna zuwa. Mai goro ce kaɗai ta tuna shi, ta ce Allah sarki Malam, ta tambaye ni yana ina.

A wannan lokacin ne na fara ganinsa. In na tsaya a danja na duba madubi sai in hango shi a kujerar ƙarshe, gilashi a kan hanci, in na waiwaya wani ɗan Indiya ne yana gyangyaɗi. Wata Juma'a da yamma a Corniche, titin bakin teku, na bi wani dogon dattijo mai hula tun daga inda jiragen ruwan katako suke har ya gaji ya juyo ya tambaye ni da Larabci me nake so. Mafi muni shi ne bayan la'asar. In ina ɗaki a wannan lokacin sai in ji kamar wani ya gyara murya zai fara magana. Na koma ina barin ɗakin kafin a kira salla, in zauna a mota ko da ba aiki.

Na gwada karanta littafin jiminar da kaina, yatsa a ƙarƙashin layi, waya a gefe ina duba kalmomi. Na sha wuya kafin na kai wurin banɗakin. Jiminar tana nan, mantuwar ankwa tana nan. Babu sallama, babu yaya mai jiki, babu ɗankwali. Da igiyar labule ta ɗaure shi. Na yi gaskiya ashe, kuma ba wanda zan gaya wa.

Sai shekarar gasar ƙwallon duniya ta zo. Garin ya cika da tutoci da fenti, aka share tituna, aka kwashe irinmu daga inda baƙi za su gan mu. Kamfaninmu ya koma jigilar masu gadi zuwa filin wasa na Lusail. Kullum bayan azahar in cika mota da su, 'yan Kenya, 'yan Uganda, 'yan Gana, kowa da riga mai ƙyalli, shugabansu yana gefena yana duba waya yana yalla yalla, wato a yi sauri.

Wata rana muna kan babban titi, a kujerar da ke bayana wasu 'yan Gana biyu suna hira da Hausarsu ta zango, wadda ba ta raba mace da namiji. Ba na sauraro, hankalina yana kan hanya. Sai na ji ɗaya yana cewa, ya ƙwanƙwasa banɗaki, ya gaida shi, ya tambaye shi jikin tsohuwarsa. Ɗayan yana dariya. Na ji jimina. Sannan na ji ya ce ankwa babu, sai ya kwance ɗankwali.

Ban san lokacin da na taka burki ba. Mutane suka faɗa kan juna, motocin baya suka ɗauki ham, shugaban ya daka mini tsawa. Na gangara gefen titi na kashe mota na juya.

"Kai, wa ya ba ka labarin nan?"

Mutumin ya tsorata. Zai yi shekara arba'in, kakkaura, da tabon salla a goshi.

"Direba, lafiya? Wasa ne muke."

"Na ce wa ya ba ka? A littafi babu ɗankwali. Mutum ɗaya ne a duniya ya sa mata shi."

"Yalla!" in ji shugaban. "Khalas, ya isa, tuƙa mota!"

Na tuƙa, don in ban tuƙa ba a ranar zan rasa aikin. Da suka sauka na riƙe hannun rigar mutumin, na ce minti biyu don Allah.

Ya ce a wurin killacewa ya ji shi, lokacin korona, a wani babban tanti mai gadaje jere. Wani tsoho ɗan Najeriya ne a gadon da ke kusa da nasa, dogo, mai gilashi, gashinsa rabi baƙi rabi fari don rinin ya fara fita. Ba shi da littafi a hannu, daga ka yake bayarwa, bayan la'asar, yana yi yana tsayawa ya ja numfashi. Masu jin Hausa su matso, su kuma su juya wa na kusa da su da Turanci. Har ma'aikatan jinya sukan ɗan tsaya.

"Yana cewa akwai wani Bakano mai gardama da bai yarda da ɗankwalin ba," in ji shi. "Kai ne?"

Na ce ni ne. Na ce ina yake.

Ya sunkuyar da kai. Ya ce wata safiya numfashinsa ya yi ƙasa, aka sa masa abin iska a fuska aka tafi da shi babban asibiti. Bai dawo ba, su kuma ba a gaya musu komai ba.

Na ce, "Sunansa fa? Wanda ake kiransa da shi a can."

Sai ya yi wata 'yar dariya duk da halin da muke ciki. Ya ce wannan ai duk tantin sun haddace shi. Kowace safiya in mai jinya ta zo gwada zafin jiki sai ta kira sunan, tsohon yana zaune yana kallon ta kamar da wani take. Ta sake kira. Sai na kusa sun taɓa shi sun ce Baba, kai ne fa, sannan ya yi firgigit ya ɗaga hannu. Har ya zama abin wasa, in ta shigo tantin gaba ɗaya su kira sunan tare.

Ya faɗa mini. Suna uku ne jere, ba ko ɗaya da ya yi kama da Malam. Na sa shi ya maimaita har ya zauna mini.

Likita Bakatsine bai ɗauki lokaci ba. Wata rana bayan sallar isha'i ya ja ni gefe, ya riƙe hannuna da hannu biyu, tun kafin ya yi magana na sani. Malam ya rasu 'yan kwanaki bayan an kai shi babban asibitin. An nemi wanda ya san shi ta lambar da ke takardarsa, ba a samu kowa ba. Aka yi masa salla aka binne shi.

Na ce a ina.

Ya ce a maƙabartar Mesaimeer.

Katangar maƙabartar nan kullum ta gefenta nake wucewa in zan fita aiki, safe da yamma. Ina bin asibitoci, ina bin tsofaffi a bakin teku, ashe yana bayan bangon da nake tsayawa in sayi shayi.

Na je washegari da hantsi. Ranar garin kamar zai tsage, motoci da tutoci, ana busa ƙaho, wata ƙasa ta ci wata. A ciki kuwa tsit, sai ƙasa fara da jerin tudu iri ɗaya, kowanne da ɗan dutse da lamba. Mai kula da wurin ya kai ni ya nuna mini ya koma inuwa. Na tsuguna na yi masa addu'ar da na iya. Na so in yi kuka abin ya ƙi, sai haushi. Daga nan inda nake tsugune na kira matar, ban jira Juma'a ba.

Da ta ji muryata a ranar da ba ranarmu ba ta ce, "Ɗan'uwa, faɗi kawai."

Na ce, "Hajiya, sai haƙuri. Ga ni a gaban kabarinsa."

Ta yi salati, ta maimaita. Ba ta yi kururuwa ba. Can ta ce, "Yaushe?"

Na gaya mata, tun azumin shekarar korona.

Sai ta ce, a hankali kamar da kanta take, "Ke nan da ƙaramar salla da na yi kitso ba ya nan. Da bikin 'yar ƙanwata da na sa lalle har gwiwar hannu, ba ya nan."

Na ce ai ba ta sani ba, Allah ba Ya kama mutum da abin da bai sani ba. Ta ce haka ne. Ta yi mini godiya, ta sa mini albarka irin wadda uwata ce kaɗai ta taɓa sa mini.

Ta sake kira sau ɗaya bayan mako. Ta ce sun je wurin limamin garinsu, ya ce takaba daga ranar rasuwa ake lissafa ta, ba daga ranar da labari ya iso ba. Tata ta wuce tun tuni, ta fita ba ta san ta shiga ba. Babu abin da ya rage a kanta, in ta so gobe ma ta yi aure.

"Shekara talatin da wani abu ina gidansa," in ji ta, "a ce babu abin da ya rage a kaina?"

Na ce to yanzu me za ta yi.

Ta ce ta riga ta cire 'yan kunne, ta naɗe zannuwan ado ta sa a akwati, ta shimfiɗa tabarma a ɗaki. Liman ya ce ba wajibi ba ne, 'yan'uwa sun ce wahalar da kai ce, ta ce ta ji. Wata huɗu da kwana goma za ta yi masa cif, ko da ba a rubuta mata ladan ba.

Daga ranar ba ta sake kirana ba. Ba ta da sauran abin tambaya, ni ma ba ni da sauran abin faɗa. Amma har yanzu in an sauko daga Juma'a sai in ga na ciro wayar na riƙe a hannu, ina tafiya zuwa mota.